Gwaggo Asabe da Benen Ubanta

Duk wanda ya taɓa zama a zaurenmu zamanin Gwaggo Asabe, na tabbata har gobe idan zai zauna kusa da bango sai ya ɗan waiwaya tukuna. Ni kaina ga ni da jikoki, a gidan bulo nake, amma wallahi har yau ban iya jingina ba. Da zarar bayana ya taɓa bango sai in ji muryar nan tata a kunnena: "Ke! Ɗaga min bayanki! Bangon nan matashin uwarki ne?" Kuma kun dai sani ba ta ware kowa. Mai unguwa ya sha, Liman ya sha. Ranar da iyayen mijina suka kawo gaisuwa, dattawa ne masu furfura, amma tun daga sallama har shafa fatiha a miƙe suka zauna kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Da suka fita aka ji ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa, "Yarinyar dai ba laifi, amma ni bayana ya ƙage."

Don amfanin waɗanda aka haifa daga baya, Gwaggo yayar mahaifina ce, Malam Sule, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, 'ya'yan da ta haifa kuma Allah bai raya mata ko ɗaya ba, sai ta tattaro ta dawo gidan ubanta. A baki Baba ne mai gida. A aikace kuwa ko ƙusa zai kafa ya rataya carbinsa sai ya nemi izini, kuma ba a ba shi. Kullum ta idar da sallar asuba sai ta zagaya gidan kaf, tafin hannunta a jikin bango, ta ɗan bubbuga nan, ta kara kunne can. Idan ka gaishe ta kafin ta gama, ka gai da iska. Sai ta dawo ta zauna sannan za ta ce, "To, lafiya lau muka kwana. Ku fa?" Ita da gidan take nufi.

Gidan kuwa ya isa a yi masa haka, kar ku ce son kai ne. Kakanmu Madugu ne ya gina shi da ribar fataucin goro, ya ɗauko magina tun daga birnin Kano. Su biyar ne gidajen a jere suna fuskantar kasuwa, duk na fatake, shi ya sa har yanzu ake ce wa wurin Layin Fatake, ko da yake yanzu masu cajin waya ne a wurin. Namu ne a tsakiya, kuma shi kaɗai ne mai bene. Kaurin bangonsa yaro zai kwanta a kai ya juya bai faɗo ba. Rufin zauren ɗaurin guga ne, ba ginshiƙi ko ɗaya, an kafa farantin tangaran a tsakiyarsa. Ga zankwaye a kowace kusurwa, ga ƙyaure mai manyan ƙusoshi wanda sai ka sa kafaɗa kake tura shi. A fuskar gidan an zana takobi, an zana allo, har da keke, don Madugu ya ga keke a birni ya burge shi, ya sa aka yi masa nasa da ƙasa. Har ya koma ga Allah bai taɓa hawa na ƙarfe ba. Da rana tsaka, lokacin da gari ke tafasa, idan ka shiga zauren nan sai ka nemi mayafi.

Benen ɗaki ɗaya ne, da 'yar taga mai kallon kasuwa. A ciki aka haifi Gwaggo, a ciki uwarta ta cika, a ciki take kwana duk da gwiwa ta fara ba ta wahala. Gidan ƙasa kuwa ba abin da yake nema sai yaɓe. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa da kashin jaki, a tattake, a bar ta ta ruɓa. Sannan magina su hau su toshe tsaga, su bi rufi da bango, a ƙarshe a shafe da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa. Shekarar da aka tsallake, damina ba ta yafewa. Gwaggo ba ta taɓa tsallakewa ba. Ko ana ha-maza-ha-mata tana da damin geronta a ajiye, na abincin magina, wanda ba mai taɓawa.

Wata shekara, gab da abubuwa su lalace, sai ga wata mota daga birni, da wani ɗan saurayi mai jaka da abin ɗaukar hoto. Ya auna, ya ɗauka, ya rubuta, ya yi ta cewa "Masha Allah". Sannan ya zauna a zaure, aka ɗaga masa baya sau biyu, ya yi bayani cewa gwamnati ta sa gidanmu da wasu biyu a layin cikin gidajen tarihi. Daga yau ba a rushewa, ba a sa siminti, ba a ɗora kwano.

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Madalla. To ita gwamnatin za ta riƙa zuwa yaɓe ke nan?"

Ya ce, "A'a, Inna, wannan na masu gida ne."

"Za ta aiko da azara idan gara ta ci?"

"To, wannan sai an rubuta an gani."

"To ɗan nan, me za ta yi?"

"Za ta hana a taɓa gidan."

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Aikin da nake yi tun ba a yi auren uwarka ba, shi gwamnati ta zo ta taya ni? To ka ce na gode, amma ba na neman mataimaki."

Bawan Allah ya yi dariya, ya ciro wani allon ƙarfe mai rubutu, ya ciro guduma da ƙusa, ya nufi ƙofar gida. Kai jama'a! Ban taɓa sanin tsohuwa na iya tashi da sauri haka ba. Ta riƙe masa hannu ta ce, "Ba yanzu ka ce ba a taɓawa ba? Ko dokar ba ta hau kanka ba?" Haka ya haƙura ya ɗaure allon da igiya a jikin darbejiyar ƙofar gida. Motarsa ba ta gama fita gari ba ta sa aka kwance shi. Shekara da shekaru a kansa muke shanya kuɓewa, kuma wallahi ba abin da ya kai shi, don ƙarfe ne, yana ɗaukar rana. Idan aka hango mota mai tambarin gwamnati sai a kakkaɓe a mayar.

Daga nan sai shekarun fari suka shigo. Ku da kuka gani ba sai na faɗa muku ba. Ruwa ya zo a makare ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya iya gwiwa, gyaɗa ta ƙi. Aka koma cin tafasa da rama, mai tuwo sau ɗaya a rana shi ne mai hali. Maza suka watse neman abin da za a ci. Mijina ya tafi aikin lambu Watari, ni kuma na kwaso 'ya'yana na dawo gida. Mutane suka fara sayar da abin da ke ɗaki, da ya ƙare suka ɗaga kai suka dubi rufi. Azarar giginya ta tsohon gida kuɗi ce, masu gini a birni suna nema ido rufe.

Gidan da ke hannun damanmu, na marigayi Alhaji Barau, shi ma yana da allon gwamnati. 'Ya'yansa suka zare azarar zaurensu suka sayar, suka sayi hatsi, canjin suka ɗora kwano gwanjo. Ba wanda ya ga laifinsu, yunwa ce. Da hantsi sai muka ga Gwaggo ta yi wanka, ta ɗauko baƙin mayafinta, ta ɗaura carbi a hannu, ta ce in raka ta. Muka shiga, ta sami tabarma ta zauna, ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana jan carbi. Can ta ɗago ta ce wa uwargidan, "Ya muka ji da haƙuri?"

Matar ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Gwaggo, wa ya rasu?"

"Allah ya jiƙansa. Tare muka taso. Ya yi zamani da mutane lafiya, bai taɓa zubar wa kowa ruwa a ka ba."

"Wai wa? Gwaggo, don Allah wa?"

Gwaggo ta nuna rufin kwanon da baki. Ni kuwa kunya ta kama ni kamar in nutse. Babban ɗan gidan ya shigo, ransa a ɓace, ya ce, "Haba Gwaggo, ai yaranmu ba za su ci azara ba." Ta ce, "Na sani, ɗan nan, ai shi ya sa ban zo faɗa ba, ta'aziyya na zo." Ta sa aka shafa fatiha, dole kowa ya ɗaga hannu. Da za mu fita ta waiwayo ta tambaya ko za a yi sadakar uku.

Shekara ta biyu ciyawa ta zama abincin dabba, babu ta zubawa a ƙasa. Sai kashin jaki, su kuma jakunan gari duk an sayar ko sun mutu. Ranar kasuwa ce kawai ake ganin jaki, na mutanen ƙauye masu kawo itace. Sai Gwaggo ta ɗauki tsohuwar tasa ta shiga kasuwa. 'Yar Madugu guda, wadda ubanta ya tafi Gwanja da jakuna fiye da a ƙirga, tana bin bayan jakin wani da tasa! Baba ya ce, "Yaya, don girman Allah ki rufa mana asiri." Ta ce, "Asirin nake rufawa. Idan rufi ya buɗe ai kowa zai gan ka."

Na taɓa iske ta ta tsare wani mai itace daga wajen Bagwai, tana yi masa faɗa tsakaninta da Allah. "Kai Malam, wane irin jaki ne wannan? Tun hantsi nake bin sa, ko ƙwaya ɗaya bai ajiye ba!" Mutumin ya dube ta, ya dubi jakin da haƙarƙarinsa duk a waje, ya ce, "Inna, abin da bai ci ba zai ajiye miki?" Gwaggo ta koma gida ta ɗebo ƙaiƙayi da 'yar dusa ta zuba wa jakin, ta tsaya har ya cinye. Mutumin ya fara godiya, ta katse shi: "Ba kyauta ba ce. Kasuwa mai zuwa a ƙofar gidana za ka ɗaure shi." Kuma ya ɗaure. Har suka saba, idan ya shigo gari jakin da kansa yake yo gidanmu.

Makuba ce kaɗai ba ta yi wuya ba, don kowa ya koma shan garin ɗorawa. Gida-gida take bi tana cewa, "Ku sha, Allah ya sa albarka, amma wanda ya ƙona min ɓawo ban yafe ba."

Shekara ta uku ita ce wadda ta karya kowa. Rijiyoyin unguwa suka ƙafe, sai tamu, don Madugu ya haƙa ta da zurfi. Mata suka yi layi tun daga tsakar gida har waje. Gwaggo ta kafa kujera a bakin rijiya ta kafa doka: kowace mace ta ja guga biyu nata, na uku ta juye a kan ƙasar yaɓe. Mata suka sa masa suna harajin Gwaggo. Ana biya ana tsaki, ita ko a jikinta. Amma ba a je ko'ina ba guga ya fara fitowa da laka, sai an jira ruwa ya taru. Wata safiya ta dubi layin, ta dubi tulin ƙasarta, ta ɗauke kujerarta ta ce, "Na yafe harajin. Ba don halinku ba." Ƙasar da ta sha wahalar tarawa ta bushe ta zama dutse. Audu magini, wanda shi kaɗai ta yarda ya hau mata bene, shi ma ya bi sahu ya tafi Watari. A karon farko tun da aka gina gidan, lokacin yaɓe ya zo ya wuce ba a yi ba.

Benen kuwa ya tsage. Idan ka shiga da rana sai ka ga haske ya ratso ta rufi ya kwanta a kan tabarmarta. Ta cusa tsumma, ta cusa buhu. Baba ya ce ta sauko ƙasa, ta ce ba inda za ta. Kowa a gidan ya sani, ita ma ta sani, ruwa mai ƙarfi ɗaya ya ishe shi.

An ɗan yi yayyafi a farko, mutane suka yi shuka, ta fito ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Sai Liman ya sa aka yi shela cewa za a fita sallar roƙon ruwa. Gwaggo na jin haka ta ɗauki mayafi ta ce in zo mu je. Na ɗauka sadaka za ta kai. Muka sami Liman a zaurensa da mutane, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, abin da ya sa na fara jin tsoro ke nan.

"Allah gafarta Malam, alfarma na zo nema."

"Faɗi, Gwaggo, Allah ya sa muna da ita."

"Roƙon ruwan nan. A ɗan ɗaga shi zuwa makon sama."

Liman ya cire tabarau ya ce, "A ɗaga?"

"Na aika wa Audu, ya ce yana tafe. Da ya zo ko da ruwan randa ne a toshe min tsagar nan. Daga nan ku roƙa har da ƙanƙara."

"Gwaggo, shuka ce ke mutuwa. Mutane ne ke kwana da yunwa."

"To na ji. A roƙa, amma a faɗi wuri. A ce gonaki. Me ruwa zai zo yi a tsakiyar kasuwa? Shinkafa aka shuka a can?"

Liman ya rasa dariya zai yi ko salati. Ya ce, "Gwaggo, Ubangiji fa za mu roƙa, ba ɗan ga-ruwa ba ne da za a ce masa ya zuba a wannan randa ya tsallake waccan." Ta miƙe ta kaɗe zaninta ta ce, "Shi ke nan. Ni dai na faɗa, kuma Yana ji."

Maza suka fita, suka sake fita, sama ko gajimare babu. Abinku da gari, sai magana ta zaga cewa Gwaggo ce ta riƙe ruwa. Har yara suna leƙowa zaure suna cewa, "Gwaggo ki saki!" Ni abin haushi yake ba ni, har na yi faɗa da mata biyu a bakin rijiya. To a al'adar garinmu idan maza suka yi ba a dace ba, sai tsofaffin mata su fita, su sa kayan maza, su saɓa fartanya, su zagaya gari suna kai kuka ga Allah. Kuma wadda ta fi kowa shekaru ita ke shiga gaba. A unguwarmu ba wadda ta kai Gwaggo. Mata suka zo suka same ta, ta ce su jira Audu.

A ranar da yamma Baba ya dawo daga gona. Iri na ƙarshe da ya rage masa shi ya shuka, ya je ya tarar duk ya bushe. Ya shigo zaure da 'yan busassun tsiro a hannu, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango ya rufe ido. Ni ina tsaye ina jiran tsawa. Gwaggo ta fito, ta dube shi, ta dubi hannunsa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juya ta koma ciki ba ta ce komai ba. Wallahi wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan duk faɗan da ta taɓa yi.

Da gari ya waye ba ta zagaya bango ba. Sai muka ga tana saukowa daga bene da adudunta a ka, ta koma ta ɗauko tabarma, ta koma ta ɗauko buta da 'yan kwanukan uwarta. Na tashi zan taya ta, ta ce, "Rabi, zauna. Ni na hau da su." Da ta gama ta ja ƙofar benen ta rufe, ta ce wa Baba, "Sule, ba ni babbar rigarka da hula."

Ku da kuka gan ta ranar, don Allah akwai wanda ya manta? Gwaggo 'yar firit, rigar tana jan ƙasa, ta ɗaure ƙugu da igiyar guga, hular ta rufe mata kunne, ga fartanya a kafaɗa. Ta fito ƙofar gida, 'yan kasuwa suka kwashe da dariya, ta ce, "Ku yi ta yi, ai ku kuka kasa." Tsofaffi suka bi ta a baya, mu kuma da yara muka rufa musu. Ana tafe ana roƙo, ana kuka, ana dariyar rigar wata da ta zame. Da muka kai bayan gari ta tsaya, ta ajiye fartanya, ta ɗaga hannu. Ina kusa da ita, na ji abin da ta ce, kuma ba da ƙarfi ta faɗa ba. Ta ce, "Ya Allah, na janye maganata. Kar Ka duba bene, Ka duba yara."

Ruwan bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Har an fara tsokanarta ana cewa ko dai da rabin zuciya ta yi roƙon. Sai wata rana da hantsi gabas ta yi baƙi, iska ta taso, aka sako shi kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita tsirara suna ihu, manya suna tara tukwane suna kabbara. Aka wuni ana yi, ya ɗan tsagaita, washegari ya dawo. Gwaggo tana zaune a zaure, hannunta a cinya, tana sauraron indararo. Bayan azahar ta rana ta biyu muka ji rugugum! Ƙasa ta girgiza, jar ƙura ta turnuƙe tsakar gida duk da ruwan da ake yi. Benen ya zauna.

Ba wanda ya iya kallon fuskarta. Ita ce ta fara magana. Ta ce, "Kowa na nan?" Aka ce kowa na nan. Ta kira yarana ɗaya bayan ɗaya ta shafa kansu. Sannan ta dubi Baba ta ce, "Sule, ruwan nan ya isa shuka?" Ya ce, "Ya isa, Yaya, sai dai babu iri." Ta ce, "Je ka ɗauko damin magina. Ka ɗiba, ka ba gidan Barau, ka ba duk wanda ya rasa." Baba ya fara hawaye yana sa mata albarka, ta ce, "Kai, rufe min baki. Ba don kirki na ba ka ba, maginan ne ba su zo ba." Geron nan shi aka shuka a gonaki da dama a unguwarmu, kuma Allah ya sa aka samu abin da aka samu.

Bayan kaka sai ga motar gwamnati. Muka kakkaɓe kuɓewa muka mayar da allo. Ɗan saurayin nan ne, ya ɗan yi ƙiba. Ya ɗaga kai ya ga babu bene, ya fara faɗa: "Inna, wa ya ba da izinin rushe wannan? Laifi ne fa babba!" Gwaggo ta ce, "Wanda ya aiko da ruwa. Ka rubuta Masa takarda, in Ya ba ka amsa ka zo ka karanta min." Ya ɗauki hoton abin da ya rage, ya sha ruwan randa ya tafi. Ba mu sake ganinsa ba.

Ta tone azarar benen daga cikin ƙasa da hannunta, ta goge, ta jera su a kan duwatsu don kar gara ta samu. Kowace shekara sai ta ce, "Baɗi in Allah ya kai mu za a tayar." Ba a tayar ba. Hali bai samu ba, Audu ya tsufa, yaran da suka taso kuma bulo suka iya. A ɗakin ƙasa ta ƙarasa kwanakinta, kuma sau da yawa nakan same ta da la'asar a tsakar gida ta ɗaga kai tana kallon wurin da tagar take a da. Idan ta gan ni sai ta ce hadari take dubawa. Abin yana ci mata rai, ni ma yana ci min, amma ban taɓa jin ta ce da ta sani ba.

Ranar da ta rasu, da aka zo neman itacen da za a jera a kabari, Baba ya ce kar a sari komai. Ya ɗauko azarar nan ya sa aka yanka daidai. Mu mata muna gida. Da suka dawo daga maƙabarta na ga hannunsa da gaban rigarsa duk jar ƙasa. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Rabi, ban bar kowa ya taɓa ba. Ni na jera mata, ni na kwaɓa ƙasar, ni na yaɓe. Na duba sosai, babu tsaga ko ɗaya."

Allah Ya jiƙan Gwaggo Asabe. Allah Ya yafe mata kurakuranta, Ya sanyaya makwancinta kamar yadda zauren ubanta ya sanyaya mu. Ya haɗa ta da 'ya'yanta da ba ta samu ta raina ba, Ya ba su ɗaki a sama wanda ruwa ba ya ci. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.